Muryar Nomau a Kogon Kuka

A Dajin Gwarandi mulki na masu dagi ne, yawa kuma na masu kofato, kuma an daɗe da shirya yadda ɓangarorin biyu za su zauna ba tare da ana yawan tuna wa juna abin da kowa ke ci ba. Akwai Majalisar Tsamiya, wadda ke zama duk sabon wata a gindin wata tsohuwar tsamiya. Zaki Barmo yakan kishingiɗa a tsakiyar inuwa, damisa da kuraye da diloli suna kewaye da shi, wakilan masu kofato kuwa suna tsaye daga inda inuwar ta ƙare. Kowa yana da damar magana. Inuwa ce ba kowa ke da ita ba, shi ya sa jawabin masu kofato yakan yi gajarta.

Zakoki sun hau sun sauka, amma akwai ma'aikata ɗaya da ba ta taɓa sauya hali ba, ita ce ta Kogon Kuka. Can gabas da tafki akwai wata ƙatuwar kuka mai kogo, a cikinta ake tsare tsuntsayen aku masu yawan gaske. Duk dabbar da ta fara suna, sai a ware mata aku. Wani lokaci ƙadangaru su ɗauki akun su ɗora shi a reshe kusa da inda take hira, ya haddace abin da ya ji. Wani lokaci kuma wani ne zai lallaɓo har bakin kogon ya raɗa masa abin da ya gani. Aku ba ya mantuwa, ba ya kuma mutuwa da wuri. Mai kula da wannan aiki ita ce Hawainiya Kuluwa, wadda ake kira Magajiyar Kuka. Kowa a dajin ya san da kogon, kuma kowa ya san ba a ambatonsa.

A cikin wakilan masu kofato babu wanda ya kai Gwanki Nomau tsayawa a rana. Ya yi ƙuruciyarsa da tsufansa yana neman abu ɗaya, har ya samu: Dokar Bakin Ruwa, wadda ta hana farauta a bakin tafki daga ɗaukewar damina har zuwa saukarta. Kafin dokar, duk rani sai uwa ta je shan ruwa da ɗanta ta dawo ita kaɗai. Bayan dokar, kura da barewa sukan sha ruwa a jere, kowacce tana kallon gabanta.

Da kaka aka tsinci gawar Nomau a ƙasan kwazazzabo, a hanyar da yake bi tun yana ɗan maraƙi. Fada ta ba da sanarwa cewa tsufa ne da santsi, ko da yake ƙasa ta riga ta bushe. Aka yi masa jana'iza ta girma. Zaki da kansa ya zo, ya ce daji ya yi rashin uba, ya kuma sa wa tafkin sunan marigayin.

Nomau ya bar 'ya ɗaya, Marka, wadda garkensu ya tura ta riƙe gurbinsa a majalisa. Ba ta gaji muryarsa ba, ba ta kuma gaji haƙurinsa ba. Tun da aka rufe shi ta kasa tsayawa wuri ɗaya. Sai ta fara kiwo ta bari, ta nufi kwazazzabo ta tsaya a bakinsa tana leƙen ƙasa, ta juyo ta zagaya tafki, ta sake komawa. Ana cikin haka wata magana ta fara yawo, ba a san bakin da ta fito ba. Aka ce ai Nomau ba da jayayya ya samu dokar nan ba, ciniki aka yi. Aka ce duk damina yakan tsegunta wa masu dagi inda garkuna ke haihuwa, su kuma su bar masa bakin ruwa da rani. Marka ta fara lura cewa idan ta iso wurin kiwo, hira takan mutu. Kafin wata ya cika, Damisa ta shigar da ƙudiri gaban majalisa cewa dokar da aka samu ta hanyar ha'inci ba doka ba ce, a soke ta.

Da hantsi Marka ta tafi Kogon Kuka, abin da ba wanda ke yi ido na ganin ido. Ta daɗe tsaye kafin ta gane cewa wani ƙullutu a jikin ɓawon itacen yana kallonta.

"Sannu da zuwa, 'yar marigayi," in ji Hawainiya. "Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya, ranki ya daɗe. Na zo ne a kan tsuntsayen da kuka ware wa mahaifina."

"Wa ya ce miki an ware masa tsuntsaye?"

"To ba a ware ba?"

Hawainiya ta juya ido ɗaya sama, ɗaya ya tsaya a kan Marka. "Ban ce akwai ba, ban kuma ce babu ba. Idan na ce miki babu yau, gobe wani ya tambaye ni nasa na yi shiru, kin ga shiruna ya zama amsa."

"Ya rasu, ranki ya daɗe. Me ya rage da za a ɓoye a kan wanda ke ƙarƙashin ƙasa?"

"Shi ya huta. Aiki ne bai huta ba."

Daga cikin kogon Marka tana jin wani gunaguni mai kama da na ruwa a ƙarƙashin dutse. Ta matsa taku ɗaya, sai ƙadangaru suka firfito suka jeru a bakin ƙofa suna gyaɗa kai. Ta juya.

Daga nan ba ta zame ko'ina ba sai ramin Gyado Tunau, aminin mahaifinta, wanda suka yi gwagwarmayar dokar tare, kuma shi ne ya fara kuka a wurin jana'iza. Ta same shi a durƙushe yana tonon saiwa.

"Baba, zan kai maganar gaban majalisa. Zan nemi a fito da tsuntsayen su yi magana a bainar jama'a. Idan Baba Nomau ya sayar da mu, kowa ya ji. Idan ƙarya ake yi masa, kowa ya ji. Wanda ya bi shi bakin kwazazzabo ma, ina jin sunansa yana can."

Tunau ya ɗago, ƙasa na zuba daga haurensa. "Jininsa ne ke magana a bakinki, 'yata. Ki tashi ki faɗa, ni ne na farko da zai mara miki baya."

Ranar zama, rana ta yi zafi tun da wuri. Masu kofato suka cika fili har bayan tsamiya, waɗanda ba wakilai ba ma sun zo. Da aka ba ta dama, Marka ta fito ta rusuna.

"Allah ya ja zamanin Sarki. 'Yan majalisa, ban zo roƙon a yabi mahaifina ba, an yabe shi ranar da aka rufe shi har kunnena ya gaji. Ban kuma zo roƙon a rufa masa asiri ba. An zarge shi da abin da ba ya nan balle ya kare kansa, kuma a kan wannan zargi ake so a buɗe bakin tafki ga farauta, ga rani ya ƙarato. Waɗanda suka bi shi duk tsawon rayuwarsa suna sauraronsa sun san gaskiya. Da 'ya'yan itacen dajin nan ake ciyar da tsuntsayen nan, da sunan tsaron dajin nan ake tsare su. To dajin ne ke tambaya. A fito da su."

Masu kofato suka buga ƙasa da kofato har ƙura ta tashi. Dila, mai ba fada shawara kan doka, ya jira ta lafa sannan ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, babu wanda ya fi fada son a wanke marigayi. Amma wakiliya ta gina maganarta a kan cewa akwai tsuntsaye, abin da babu wata sanarwa da ta taɓa tabbatarwa. Majalisa ba ta da hurumin ba da umarnin a fito da abin da ba a ce yana nan ba. Idan kuwa yana nan, to fito da shi zai nuna wa mafarautan ƙetare yadda muke sauraro, kuma ran da suka san haka, ba mai dagi ne zai fara shiga tarkonsu ba. Don kare masu kofato ake yin shirun nan. Abin takaici ne a ce su ne ke ƙorafi a kansa."

Aka yi ta gunaguni. Wani ɓauna daga baya ya ce a bar wasa da hankali, kowa ya san kukar. Ganin fili na neman rikicewa, Zaki ya ɗaga jela, ya ce Magajiyar Kuka ta yi bayani.

Hawainiya ta sauko daga reshe a hankali, ƙafa ɗaya bayan ɗaya, har sai da kowa ya gaji da jira. Launinta ya koma irin na busasshiyar ciyawa, ta fuskanci masu tsaye a rana.

"Ni baiwar majalisa ce, abin da ta yanke shi zan yi. Sai dai ina so in tunatar da masu girma wakilai halin aku, a matsayin tsuntsu kawai, ba don na ce muna da shi ba. Aku ba ya taƙaita zance. Idan ya buɗe baki, daga farko yake farawa. Kuma ba maganar kaɗai yake maimaitawa ba, har da muryar wanda ya kawo ta, da tarinsa, da yadda ya roƙa kada a faɗi sunansa." Ta juya idanunta, ɗaya hagu ɗaya dama, ta bi layin wakilai da su. "Iyakar abin da zan ce ke nan."

Marka ta waiwaya. Waɗanda ɗazu suke buga ƙasa, yanzu kowa ya samu wani abin kallo a tsakanin kofatansa.

Gyado Tunau ne ya fito, kamar yadda ya yi alkawari zai zama na farko.

"Allah ya ja zamanin Sarki. Babu wanda ya san Nomau kamar ni. Tare muka sha rana a nan wurin. Kuma saboda na san shi ne nake cewa da yana raye ba zai so a tayar da hankalin daji a kansa ba. Yarinyar nan zafin rashi ne ke damunta, a yi mata uzuri. Wanda ya kwanta a bar shi ya huta."

Da aka zo ƙidaya, masu dagi ba su ma wahalar da kansu ba. Wakilan masu kofato ne suka kayar da bukatar. Zaki ya yi hamma, ya yanke hukunci cikin tausayi: ba za a ce an hana har abada ba. Za a dasa ɗan kuka a bakin tafki, ran da ya yi 'ya'ya sai a duba yiwuwar sake duba maganar. Dokar Bakin Ruwa kuwa ba a soke ta ba, an dai jingine ta har sai kwamiti ya tantance yadda aka same ta. Aka naɗa Kunkuru shugaban kwamitin.

Marka ta tare Tunau a hanyar raminsa.

"Baba, me ka kai musu a kukar nan?"

Bai tsaya ba. "Ke yarinya ce. Ba ki ga zamanin da ake ɗauke mutum daga tsakiyar garke a tambaye shi ya zaɓa tsakanin bakinsa da 'ya'yansa ba."

"Ni tambayarka na yi me ka kai musu."

Ya tsaya, ya dube ta da ƙananan idanunsa. "Ki je ki nemo mini babba ɗaya a dajin nan da bai taɓa taka hanyar kukar nan ba. Shi kansa Nomau na taɓa ganinsa yana fitowa daga wajen. Ban tambaye shi ba, bai tambaye ni ba. Haka muka yi zumuncinmu." Ya shige raminsa da baya, kamar yadda gyado ke yi, yana kallonta har duhun ramin ya rufe fuskarsa.

Wannan magana ta fi zargin Damisa cin ran Marka. Ta rame. Takan tuna mahaifinta yana dawowa daga majalisa da kumfa a baki, ta ce a ranta ba zai yiwu ba. Sai kuma ta tuna wata damina da kuraye suka faɗa wa mahaifar bareyi kamar an nuna musu hanya, ta tsaya cik a tsakiyar tafiya.

Rani ya shigo, ƙananan ruwaye suka ƙafe, kowa ya koma tafki. A makon farko aka ɗauke 'yar barewa a bakin ruwa. Fada ta ce ba a karya doka ba, tunda dokar a jingine take. Aka ɗauki ta biyu, aka ɗauki maraƙin ɓauna. Kwamitin Kunkuru ya sanar cewa yana kan hanyar zuwa wurin zamansa na farko.

Ranar da aka kashe maraƙin, uwarsa ta tsaya a bakin tafki tana kuka, garkuna suka taru. Marka ta hau kan wani suri, ba tare da ta shirya abin da za ta ce ba.

"Wakilanku sun ji tsoro, ni ma ina jin tsoro. Wataƙila abin da zan ji a kukar nan ya hana ni sake ɗaga kai a cikinku. Amma 'ya'yanku ake ci a kan maganar da aka ƙi bari mu ji. Ni zan tafi. Wanda zai zo ya zo."

Suka bi ta. Garken ɓauna ne a gaba, sai gwanki da bareyi da raƙuman dawa, ƙasa tana girgiza. Ba a taɓa ganin masu kofato sun nufi wuri ɗaya da irin wannan fushi ba. Kuraye da suka hango su suka kauce. Marka ta zaci za a yi faɗa a bakin kukar, amma da suka isa babu mai gadi ko ɗaya. Hawainiya tana zaune a saman ƙofa, ta yi kore shar.

"Jama'a sun zo da kansu, ni wace ce in hana?" ta ce. "A buɗe musu. A fara da na marigayi, daga farko."

Ƙadangaru suka janye saƙar ƙaya da ke rufe bakin kogon. Marka ta sa kai ciki. Wurin ya fi yadda ta zata girma, yana warin kashin tsuntsu, kuma daga ƙasa har inda ido ya gaza, tsuntsaye ne jere a kan sanduna. Layi guda cur na mahaifinta ne. Wani tsohon aku mai tsigaggen wuya ya karkace kai ya buɗe baki.

Muryar wata barewa ce ta fito, siririya, tana rawa. Tana faɗin inda Nomau ya kwana da waɗanda ya gana da su. A waje wata tsohuwar barewa ta yi ƙara, 'ya'yanta suka juyo suna kallonta. Aku na biyu ya karɓa da muryar ɓaunan nan da ya ce a bar wasa da hankali a majalisa. Na uku ya yi tarin da duk daji ya san na Tunau ne. Daga nan suka ɓarke gaba ɗaya, kogon yana ƙara musu amo, muryoyin rayayyu da na matattu suna fita fili, kowace tana roƙon kada a faɗi sunanta.

Wani a cikin taron ya fara ruri don kada na kusa da shi ya ji. Na kusa da shi ma ya fara. Kafin a jima duk filin ya ɗauka.

A cikin wannan hayaniya ne Marka ta ji muryar da ta zo nema, daga wani aku can ƙarshen layi. Ba ta da shakka, har da yadda yake jan numfashi kafin ya yi magana.

"Ki faɗa wa Zaki," in ji muryar Nomau, "cewa ni Nomau na..."

Rurin ɓauna ya haɗiye sauran. Marka ta kutsa ciki tana roƙon a yi shiru, tana kiran sunayen waɗanda ta sani. Babu mai jin ta. Ta ga bakin akun yana motsi, ya ci gaba da motsi, ita kuwa ba ta jin komai sai ruri. Sai ta ji ƙaho ya saƙalo ta ta baya, aka fizgo ta waje, aka jefar gefe. Waɗanda suka biyo ta don a buɗe kogon su ne suka shiga turo duwatsu da kai. Gyadoji suka tono ƙasa, raƙuman dawa suka karyo rassan ƙaya, har uwar maraƙin da aka kashe tana cikin masu turi. Ba wanda ya ba da umarni, ba wanda ya dubi idon wani. Kafin la'asar bakin kogon ya toshe, an yaɓe shi da laka an daddanne.

A zama na gaba, Zaki Barmo ya yi jawabi mai ratsa zuciya. Ya gode wa masu kofato bisa dattakun da suka nuna, ya ce tarihi zai shaida cewa ba fada ce ta rufe kogon ba. Tunau ya gabatar da ƙudirin a riƙa gadin wurin don kada wani mai zafin kai ya sake tonewa, aka amince ba tare da jayayya ba, kuma garkuna suka raba aikin a tsakaninsu, ba a ma nemi taimakon kuraye ba. Garken gwanki ya janye Marka daga majalisa, ya ce tana bukatar hutu.

Ba ta huta ba. Har yanzu masu zuwa tafki sukan hango ta tana zagaya kukar daga nesa, masu gadi suna binta da ido. Wani lokaci takan tare tsoho a hanya ta tambaye shi ko ya ji ƙarshen maganar nan a ranar, don akwai waɗanda suka fi ta kusa da ƙofa. Kowa yakan ce hayaniya ta yi yawa. Ta gwada ƙarasa jimlar da kanta ta kowace fuska, wata ta sa ta ɗaga kai, wata ta hana ta kiwo, kuma duka sun yi daidai da muryarsa.

Hawainiya kuwa aikinta bai tsaya ko na yini ɗaya ba. Masu kawo magana sun koma raɗawa ta wata tsaga a bayan itacen, inda ba a ganin mai zuwa daga wurin gadi. Sun ce ma haka ya fi musu kwanciyar hankali.